Ƙullin Irin Gautar Kawu

Allah ya karɓi ran Kawuna a wani asibiti a Brooklyn, daidai lokacin da dusar ƙanƙara ta fara narkewa tana cika bakin titi da baƙin ruwa. Na Allah ne mu, kuma can za mu tarar da shi. Yayan mahaifiyata ne, shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya tsaya min har na samu aikin kula da tsofaffi da nake ci da shi yau. Na zauna rubuta wannan ne don na lura yaran gidanmu sun fara kiran sa "tsohon nan mai faɗa", kuma wallahi ya fi haka.

Falonsa na unguwar Flatbush ya cika ranar zaman makoki, takalma har kan matakala. 'Yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan Zangon Gana, kowa da irin Hausarsa, amma maganar ɗaya ce. Sai mutum ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki," sannan ya ƙara da, "Amma fa bai yarda da kowa ba." Wata mata ta ce ranar da ta haihu shi ya hau mata bene da jakar gauta da yakuwa, yana haki, da ya sauke kuma ya tsaya sai da ta juye ta mayar masa da jakarsa. Wani da suka yi tallar huluna da agoguna tare a Canal Street ya ce Kawu ya riƙe masa tebur duk tsawon jinyarsa bai karɓi ko shayi ba, amma kullum in za su tashi sai Kawu ya leƙa buhunsa ya ga ko an ɗauke masa wani abu. Aka yi dariya a gidan mutuwa, har liman ya sunkuyar da kai.

Ranar sadakar uku ne wata Baturiya ta ƙwanƙwasa ƙofa, da takalman roba duk busasshen taɓo, riƙe da kwalin ƙwai. Ni kaɗai na san ta: 'yar tsohon mai gonar da Kawu yake noma a wajensu ce, can ƙauye a arewa da birni. Ta cire takalmanta, ta durƙusa gaban matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta yi gaisuwa iya yadda ta iya. Da za ta fita ta ja ni gefe ta ce bencin Kawu na nan a rumfar ledar da suke rainon tsiro babu komai a kansa, kuma in ba a zuba irin gautar nan kwanan nan ba, ba za ta nuna ba kafin sanyi ya dawo.

Ko rufe ƙofa ban gama yi ba aka fara surutu.

"Me ta zo nema?"

"Ke kuwa, akwai abin da suke so. Wa ya taɓa ganin sun tako har nan saboda Allah?"

"Ni dama tafiyar nan tasa ban taɓa gane mata ba."

Inna, tana lulluɓe a kusurwa ta shiga takaba, ba ta ɗago ba ta ce, "Irin suke so."

Sai in yi bayanin irin nan, don duk wanda bai san shi ba bai san Kawu ba. Gautar kakarmu ce, fara mai zanen kore, ɗacinta kaɗan, in ka gatsa sai ta yi ƙaras. A bayan ɗakinta take shuka ta a ƙauyenmu na ƙasar Katsina. Kawu ya zo da irin a aljihu tun zuwansa na farko. Daga baya rashin tsaro ya watsa ƙauyen, kowa ya kama gabansa, muka yi ta cigiya a waya ba mu samu mai sauran ko ƙwaya ba. Abin da ke hannun Kawu shi ne ya rage a duniya, iya saninmu. Kuma ranar da ya rasu babu wanda ya ce ya san inda ya ajiye shi.

Ragon layya ne ya kai shi gonar. Ni na tuƙa shi. Ana cinikin rago, shi kuwa ya tsuguna a bakin shinge ya damƙi ƙasa ya murza, ya sansana, ya ma manta da abin da ya kawo mu. Tsohon mai gonar, wani dogon Bature mara yawan magana, ya tsaya yana kallon sa. Kafin mu tafi ya nuna masa wani ɗan fili a bayan garken tumaki ya ce in yana so ya noma, ba sai ya biya ba. A mota, da muka hau babban titi, Kawu ya ce, "'Yar nan, mutumin nan da wata a ƙasa. A bar ni da shi."

Amma ya karɓa. Gayaunata yake ce wa wurin, kamar ɗan filin da ake yankar wa yaro a gefen gandun gida. Tun daga nan, da zarar sanyi ya fara sassautawa, Asabar ɗina ta zama tasa. In taso daga gidana a tsibirin Staten Island in ɗauke shi da garin Allah ya waye, da fartanyarsa naɗe a buhu don kada maƙwabta su san harkarsa, kamar akwai wanda ya damu.

Shekarar farko ce ta kusa raba su. Kawu ya raini tsironsa a tagar falo, a kofunan yogot, kusa da hita. Aka wayi gari an tafka ruwa a watan Afrilu, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ya kira ni ina bakin aiki.

"Ruwan shuka ya sauka. Gobe za mu tafi."

Muka je. Tsohon ya ga muna sauke kofuna, ya taho da sauri yana girgiza kai. Ni ce tafinta. Na ce, "Kawu, ya ce ka dakata, wai akwai sauran sanyi."

"Wane sanyi? Ba ga ruwa ba? Tun kafin a haifi uwarki nake dashe. In ruwa ya sauka ba a jira."

"Ya ce nan ba haka ba ne."

"To ki ce masa na ji. So yake nasa ya riga nawa fita, ai na gane."

Ya dasa su tas, ya kakkaɓe hannu. Asabar ta zagayo muka tarar da su kwance, baƙi ƙirin, kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba. Ya zagaya filin yana duba sawu, ya tsinci wata tsohuwar jarka a gefen shinge ya ɗaga ta sama yana nuna wa tsohon.

"Feshi ya yi musu! Ki faɗa masa na ce feshi ya yi musu, kuma Allah ya isa!"

Ban fassara Allah ya isan ba, amma tsohon ba yaro ba ne. Ya kama hannun rigar Kawu ya ja shi bayan gidansu, inda wata bishiyarsa ta yi saurin fure. Furen duk ya ƙone, iri ɗaya da gautar. Ya ce sanyin asuba ne ya sauko ya daskarar da raɓa, kuma shi ma bai tsira ba. Kawu ya daɗe yana murza mataccen furen a yatsunsa.

A hanyar gida na ce, "Shi ke nan irin Kaka ya tafi." Ya harare ni.

"Ni mahaukaci ne da zan kai wa mutumin da ban sani ba irina duka? Rabinsa kawai na shuka."

Haƙuri kam bai ba da ba, Kawu bai iya wannan kalmar ba. Kilishi ya kai masa da goro. Tsohon ya ci kilishin yana hawayen yaji, goron kuwa ya tauna sau ɗaya ya juya baya ya tofar. Daga ranar ya ware wa Kawu benci guda a rumfar ledarsu, inda suke rainon tsiro har sanyi ya wuce da gaske.

Na ga damuna da yawa a gonar nan, ko in ce abin da suke da shi a madadin damuna. Taɓo har idon sawu, tarakta ta kafe a kira maƙwabci ya ja ta, tumaki na haihuwa ba dare ba rana, 'yar gidan na yawo da ɗan rago a cikin riga da kwalbar madara. Kawu ya iya karɓar haihuwar tunkiya fiye da su duka, in ta gardama shi ake jira. Zai naɗe hannun riga ya yi bisimilla, ya gama ya wanke hannu, sannan ya koma ya duba ko an taɓa masa buhu. Su biyun, shi da tsohon, sukan zauna a bayan mota suna cin abinci, wannan ba Hausa, wancan Turancinsa na ciniki ne kawai, amma sai ka ji suna gardama a kan taki. Barewa ta taɓa cinye masa layi guda, ya ɗora wa jikokin maƙwabcin gonar. Da aka nuna masa kashinta a wurin, cewa ya yi, "To wa ya buɗe mata?"

In kaka ta yi kuwa, kyauta yake yi kamar ba gobe. Masallaci, masu jego, marasa lafiya, direbobin tasi, kowa sai ya ci gautar Kawu. Sai dai ɗanya yake bayarwa. Wadda ta nuna ta yi ja, wadda irinta ya ƙosa, ba ta taɓa fita daga hannunsa ba. Amininsa, wani Alhaji ɗan Zangon Kumasi mai shagon kayan miya, ya yi shekaru yana roƙon sa ƙwaya kaɗan. Kawu sai ya ce, "Ka ci dai, Alhaji. Ci ai ba laifi."

To wannan ne irin da aka nema aka rasa. Bayan masu gaisuwa sun ragu muka birkice gidan. Ƙarƙashin katifa, aljihun manyan riguna, bayan firij, cikin tsohuwar rediyo, akwatin kayan tallarsa. Ni da ɗansa, taubashina, wanda aka haifa a nan, yana jin Hausa sarai amma sai dai ya amsa maka da Turanci, kuma bai taɓa taka gonar ba wai taɓo na ɓata masa takalmi. Ba mu samu komai ba.

Daga nan zargi ya shiga tsakaninmu. Inna ta ce mutanen gona ne, sun ga tsoho ya kwanta sun kwashe, zuwan yarinyar ma leƙen asiri ne. Taubashina ya ce a tambayi Alhaji, don wa ya fi shi kwaɗayin irin, kuma wa ya fi shi zama a gefen gadon asibiti? Alhaji kuwa ya same ni a matakala, da Hausarsa ta Zango da ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Ɗiyana, kai ne kake kai shi kake kawo shi. In yana wurinka, fito da shi, ba wanda zai ji." Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ma kuma, jinin Kawu ce, sai na koma kallon kowa a karkace. Na lura Inna ba ta bari a taɓa matashinta. Na lura taubashina, da bai san gauta daga tumatir ba, ya fi kowa zafi a maganar. Ina kan jirgin ruwa zuwa aiki ina ta saƙa da warwara, kwanaki kuma na tafiya.

Da abin ya ishe ni na ɗauki mota na nufi gonar ni kaɗai. Na tarar da tsohon yana gyaran shinge. Ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce masa mutumin nan ya ba su ƙarfinsa shekara da shekaru, ya karɓi haihuwar dabbobinsu, in akwai abinsa a hannunsu su ji tsoron Allah. Ya saurare ni har na gama, ya ajiye guduma, ya shiga rumbun ciyawa. Ya fito da wani ɗan ƙulli a tafin hannunsa, ƙyallen shuɗiyar shadda, an ɗaure bakinsa da zare. Na san shaddar, tsohuwar rigar sallar Kawu ce.

Ya ce kafin Kawu ya kwanta asibiti ya ba shi, ya ce shi kaɗai ya ba, kada ya nuna wa dangin Kawu sai in komai ya ɓaci, don ba su san darajarsa ba. Ko 'yarsa bai faɗa wa ba. Ya buɗe baki zai ƙara wata magana, ni kuwa na riga na fizge ƙullin na juya. Kunya da haushi suka haɗe min, ban san wanda ya fi ba.

Na iso Flatbush bayan la'asar, na tarar da Inna da Alhaji da taubashina duka a falo. Na dire ƙullin a kan tire gaban Inna.

"Ga shi nan. Bature ya ba wa. Mu da muke jininsa bai ga wanda ya isa ba."

Inna ta ƙura wa ƙyallen ido. Can ta miƙe a hankali ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar farke ɗinki, ta fito ta ajiye wani ƙullin kusa da na farko. Shuɗiyar shadda, zare iri ɗaya.

"Ce min ya yi ni kaɗai," ta ce. "Ya ce in yi hankali da Alhaji."

Alhaji ya yi salati. Ya cire hularsa, ya zura yatsa cikin naɗin, sai ga na uku.

"Ni kuma ya ce in yi hankali da yaron nan, zai sayar a intanet."

Taubashina ya rufe fuska da hannu biyu. Ya fita zuwa motarsa ya dawo da nasa. Na ce, "Kai kuma da wa aka ce ka yi hankali, malam mai farin takalmi?" Ya ce da kowa.

Inna ce ta fara dariya, irin wadda ke juyewa kuka, ta toshe baki da mayafi tana cewa, "Kai, Malam! Kai, Malam, Allah ya yafe maka." Alhaji har da buga ƙafa. Mutum ya kwanta ciwon ajali, ya yayyaga rigarsa, ya raba irinsa kashi-kashi, ya haɗa kowa faɗa da kowa don kada a haɗa baki a salwantar masa. Duk zargin nan da suka yi ta jifan juna da shi, kowa nasa ƙullin yake karewa.

Sai suka juyo gare ni suna jira.

"Fito da naki mana," in ji Inna.

Na ce ba ni da shi. Suka ɗauka wasa nake. Na rantse. Dariyar ta tsaya cak.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi min ciwo fiye da yadda zan iya faɗa. Ni da na ba shi Asabar ɗina tun ina budurwa. Ni da na sha zaginsa a madadin Bature, na sha kunyar Bature a madadinsa. Ya ba wa yaron da bai san hanyar gonar ba, ya tsallake ni. Ranar jana'iza da liman ya ce a yafe masa, da saurina na ce na yafe, don ban san akwai abin yafewa ba. Na tambayi Inna ko ya taɓa faɗa mata dalili. Ta ce, "'Yar nan, ni da ban ma san ya ba wani ba?"

Na so in ce su je su shuka abinsu. Amma lokaci ya ƙure, kuma duk cikinsu babu wanda ya san zurfin da ake sa ƙwayar. Inna na takaba ba ta fita, ta ce a bar mata nata ta zuba a kofuna a taga. Sauran na kai rumfar leda na zuba, kowane ƙulli da tirensa, don Alhaji ya ce kada a cakuɗa masa da na kowa. Duka suka tsiro. Ban yi wa tsohon magana ba in ban da gaisuwa, shi ma bai matsa min ba.

Ranar dashe, bayan 'yar gidan ta tabbatar min sanyi ya tafi, na tarar an riga an yi wa gayaunar huɗa an zuba taki. Na ɗaura zani na fara. Ina cikin layin farko sai ga tsohon ya taho da bokiti, ya kife shi a bakin filin ya zauna. Na ci gaba. Na kai ƙarshen layi na waiwayo, yana nan, idonsa a kan hannuna. Na shiga na biyu, bai motsa ba. Haushi ya kama ni, na miƙe na tambaye shi ko akwai abin da nake yi ba daidai ba ne.

Ya ce a'a. Ya ce saƙon da ya so ya ba ni ke nan ranar da na fizgi ƙulli na tafi. Ranar da Kawu ya ba shi irin, ya kuma roƙe shi abu ɗaya: kada ya ba kowa filin nan, ya bar wa 'yar ƙanwarsa, don ita ce za ta zo.

Na ce, "Haka ya ce?"

Ya ce haka ya ce. Ya ɗan sosa gemu, ya ƙara da cewa akwai sauran maganar, kuma tunda ya yi alkawari sai ya cika. Kawu ya ce ya bar min filin, amma ya riƙa sa min ido.

Na durƙushe a cikin kunyar nan da tsiro a hannuna, ina dariya hawaye na zuba, har 'yar gidan ta leƙo daga garke ta ga ko lafiya. A nan na yafe masa, da gaske wannan karon. Ya Allah ka yafe wa Kawu kai ma, ka yalwata masa makwanci, ka sa shi cikin waɗanda zuciyarsa za ta kwanta da su.

Na share fuska da gefen zani na koma kan layina, don rana na yi kuma tire biyu na jira. Tsohon ya gyara zama a kan bokitinsa. Bai tashi ba sai da na dasa na ƙarshe.